Jakin da Ya Cire wa Alhaji Haƙori

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Juma'a aka fara maganar, a rumfar tsakar gidanmu. Na san lokacin domin na duba agogon bango kafin in fito da tabarma. Mu biyar ne. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, da matarsa. Akwai ɗiyarsu, jikata, wadda muke kira Maisuna saboda sunan yayata Indo aka sa mata. Na biyar shi ne Alhaji, ƙanen marigayi mijina, wanda ya zama babban gida tun ranar da aka binne wansa. A tsakiyar tabarmar akwai takarda guda daga lakwal, wato makarantar su Maisuna da ke Maraɗi, an ɗora mata bik don sa hannu.

Abin da takardar ta ƙunsa gajere ne. Shekara biyu ke nan yarinyar tana koyon wasan tekwando wurin wata malama, an zaɓe ta ta je gasa Yamai, mota za ta tashi ranar Laraba, amma sai uba ya sa hannu. Ɗana kuwa ba ya sa hannu a komai sai baffansa ya yarda. Haka aka rene shi, kuma da ni aka yi renon.

Alhaji ya ɗauki takardar ya juya ta, ya ajiye. Ya ce, "Ba inda za ta. Ɗiya mace ta sa wando ta je Yamai tana ɗaga ƙafa?"

Maisuna ta ce, "Alhaji, da ɗankwalinmu muke yi, kuma mata da mata ne ke karawa."

"Ke rufe mini baki. Ni na san farkon abin nan tun ba a haifi ubanki ba. Fim ɗin Shinuwa ne, mutanen Sin, ba wani abu ba. A gabana ya haukata yarinya guda a garin nan, tambayi kakarki ga ta nan zaune. Tun ran suna na ce kada a sa miki sunan Indo, aka ƙi ji. Ga shi nan, sunan ya biyo ki."

Ya yi dariya. Giɓinsa na sama ya fito, haƙorin Makka da ke gefensa yana haska shi. Na miƙe na shiga ɗaki. Kafin in faɗi abin da na ɗauko, sai na faɗi yadda aka yi tun daga farko, daki-daki, domin ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

A zamanin da nake magana, ranar kowane gida a Madarumfa tana da tsari, kuma da kunne ake gane ta. Da asuba ƙarar taɓare, gida bayan gida, har ka san wace mata ce ta makara. Baba ya saɓa komarsa ya nufi tabki. Ni da Yaya Indo mu bi bayansa zuwa garka, inda muke da salati da tumatir da albasa. Jigo yana kuka yana ɗebo ruwa, tsuntsayen bakin tabki suna tashi gaba ɗaya idan masunta suka buga ruwa da sanda. Da hantsi mu dawo, Inna ta soya kifin da Baba ya kawo, mu ɗauka a faranti mu fita da shi bayan azahar. Inna tana da dokoki uku da take maimaita mana kusan kullum: kada a ji muryar ɗiya mace daga waje, kada ta ci abinci a tsaye, kada ta ɗaga ƙafa sama da bakin turmi. Ni na kiyaye duka ukun. Yaya Indo, wadda ta girme ni da shekara huɗu, ta biyun kaɗai ta kiyaye. Doguwa ce, mai ƙarfin kafaɗa, tana ɗaukar bokiti biyu cike tana waƙa, kuma idan ta yi dariya a garka har masu jirgi sai sun waiwayo.

Sai wani ɗan kasuwa daga Ɗan Issa ya kawo tele da na'urar kaset da gurup mai ba da wuta. Ya kama tsohuwar mangazar gyaɗa da aka daina amfani da ita, ya toshe tagoginta da buhuna, ya jera benci. Ranar kasuwa da washegarinta ake nuna fim, daga bayan azahar zuwa kafin magariba. Ƙarar gurup ɗin har bakin tabki ake jin ta, kuma tun daga lokacin ta shiga cikin ƙararrakin garin, tsakanin taɓare da kiran salla. Maza ne ke shiga. Mu 'yan mata iyakarmu ƙofa da farantin kifi. Amma a bangon baya akwai rami inda aka huda aka shigar da wayar wuta, daidai ido guda. Yaya ce ta gano shi. Muka yi yarjejeniya: ɗaya ta sa ido, ɗaya ta tsare faranti tana ƙirga sittin, sai a yi canji, kuma mai kallo ta riƙa faɗa wa mai ƙirga abin da ke faruwa. Ni ban taɓa ƙarawa ko ragewa a ƙirgata ba. Yaya kuwa idan nata kallon ne sai na doke ta a baya kafin ta matsa.

Ba mai jin yaren mutanen Sin a garin, saboda haka aka ɗauki mai fassara. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya taɓa zuwa Ikko ya dawo da tabarau, ya ce ya iya Shinuwanci. Yakan tsaya gefen tele da ɗan sanda yana nuna mutane, yana laƙa musu sunaye, yana faɗin abin da suka ce da murya har waje. Wannan saurayin shi ne Alhajin da na baro zaune a rumfa.

Akwai kaset guda da aka fi maimaitawa, na wata mata mai jan ɗamara. Ba mu san sunanta ba, har yau ban sani ba, Jan Ɗamara muke ce mata. Abin da ya kama mu ba dukan ba ne kaɗai. Tsayuwarta ce. Maza shida su kewaye ta suna ihu suna wasa da sanduna, ita tana tsaye shiru, hannu guda a baya, har sai na farko ya kawo kansa. Sa'an nan ka ji rigarta ta yi fau, ƙafa ta tashi ta sauka, mutum yana ƙasa. Mu da aka rene mu kan kada ƙafa ta wuce bakin turmi, muka ga mace ta kai tata kunnen namiji, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Yaya takan manta da faɗa mini abin da take gani, sai in ji numfashinta kawai.

Yanzu mangazar ta zama shagon cajin salula, an shafe bangon da siminti, ramin ya ɓace. Kwanaki Maisuna ta zauna kusa da ni ta nuna mini mata masu faɗa a salularta, sun fi ashirin, wasu da takobi, wasu hannu sake, an ma sa musu Hausa a baki. Kowane yaro yana kallon nasa shi kaɗai da abu a kunne, ba benci, ba ihun jama'a, ba warin man gurup. Ina jin kewar ihun nan, ba zan ɓoye ba. Amma abu guda ya fi na da: maɓallin yana hannun mai kallo. Ba mai iya tsallake masa ƙarshen labari. A zamaninmu maɓallin yana hannun mutum guda, kuma ga abin da yake yi da shi. Duk lokacin da kaset ɗin Jan Ɗamara ya kai inda za ta kara da babban mugun, sai mai fassara ya danna, hoton ya yi ta gudu da zane-zane, ya ce, "Nan kaset ya lalace, jama'a. An kama ta, tana kuka tana roƙo, sai ga wanta ya zo ya cece ta." Idan hoton ya dawo sai a gan ta tana tafiya a hanya, wani namiji na biye da ita da ƙunshi, ya nuna shi da sanda ya ce ga wan nata. Kowa ya yarda. Mu ma mun yarda, ko da yake Yaya takan yi tsaki duk lokacin.

Tun makon farko Yaya ta fara gwadawa. A ƙarshen garkarmu akwai tsamiya. Ta rataye duma a reshe da igiya, ta ɗauko tsohon wandon Baba ta riƙa sawa a ƙarƙashin zane. Idan mun gama ban ruwa sai ta kwance zanen ta tsaya gaban dumar. Da farko daidai gwiwa take. Aikina shi ne awo: duk mako in ɗaga dumar taƙi guda, in yi zane a jikin itacen da wuƙar yankan salati don mu san inda aka kai. Tana faɗuwa tana tashi, tana kwaikwayon kukan da Jan Ɗamara ke yi idan za ta kai duka, ni ina dariya ina lissafi. Kafin a cire albasa zanen ya kai goma sha ɗaya, dumar tana sama da kanta, kuma tana samunta da ƙafar hagu da ta dama.

Wata safiya muna dawowa daga garka muka ji gurup yana aiki da hantsi, abin da ba a saba ba. Mai telen ne ya goge na'urarsa yana gwadawa shi kaɗai. Muka ruga bayan mangaza. Ƙarshen kaset ɗin ya sa. Wannan ce rana guda da na bar ƙirga, domin na ga yadda bayan Yaya ke rawa. Can ta janyo ni ta ce, "Duba da idonki, kada a ce ni kaɗai na gani." Na duba. Ba abin da ya lalace. Ba wa, ba ƙane. Jan Ɗamara ita kaɗai, jini a goshinta, ta kai mugun ƙasa, ta tsaya a kansa har ya daina motsi. Mutumin mai ƙunshin nan baranta ne, yana ɓoye bayan dutse har aka gama.

Ranar kasuwa ta zagayo, mangaza ta cika. Aka zo wurin, mai fassara ya danna, ya fara: "Nan kaset ya lalace, jama'a..." Sai Yaya ta sa bakinta a ramin ta ce da iyakar muryarta, "Ƙarya kake yi! Ita ta kashe shi! Ba ta da wa!"

Ɗakin ya ɓarke. "Wace ce?" "A mayar baya!" "Wallahi sai an mayar!" Mai telen ya ga za a karya masa benci, ya mayar. Kowa ya gani. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "To malam mai Shinuwanci, ina wan nata? Ko ya tsaya sallar la'asar ne?" Aka yi ta dariya har magariba. Washegari yara suna binsa a hanya suna cewa, "Wanta ya zo! Wanta ya zo!"

Kwana tara bayan haka, ranar Alhamis da hantsi, ya tare mu a siririyar hanyar da ke tsakanin shingayen garka. Yaya tana ɗauke da kwandon tumatir, ni ina da salati. Yana riƙe da tsumagiya. A gefe, kamar taku talatin, wasu maza biyu daga Safo sun tsayar da amalankensu suna loda albasa, jakinsu mai launin toka yana cin ciyawa. Daga ɗaya gefen akwai wata tsohuwa daga gidan arna tana tsintar itace.

Ya ce, "Ke ce mai baki a rami?"

Ta ce, "Ni ce."

"To yau sai mu ga ko naki wan zai zo."

Na farko, ya ture kwandon, tumatir ya watse. Na biyu, ya zuba mata tsumagiya sau biyu a kafaɗa, ba ta motsa ba, ta dai sa hannu guda a baya. Na uku, ya fizge ɗankwalinta ya jefar. Na huɗu, ya kama zanenta a ƙugu ya ja. Zanen ya taho hannunsa, sai ga wandon Baba. Ya buɗe baki zai yi dariya. Ƙarar da na ji ita ce wadda na saba ji a gindin tsamiya idan ƙafa ta sami duma daidai. Ya koma da baya ya zauna cikin magudanar ruwa, hannu a baki, jini na bin yatsunsa.

Tsohuwar ta ajiye itacenta ta ce, "Madalla, ɗiyar nan! Wa ya haife ki?" Mutanen Safo suka yi dariya har ɗayansu ya dafa amalanke, ya ce, "Sannu samari, a kurkure da ruwan gishiri." Suka gama lodinsu suka tafi. Yaya ta karɓi zanenta daga ƙasa ta ɗaura. Ni na durƙusa ina tsince tumatir ɗaya bayan ɗaya, sai na ga haƙori a kan yashi, da ɗan jini a gindinsa. Ni mai tattara abu ce tun ina yarinya. Na ƙulle shi a bakin zanena.

Kafin magariba mai fassara ya baza a gari cewa jakin mutanen Safo ya harbe shi a baki. Mun yi dariya a ɗaki, mun zaci an gama. Ba mu san mutumin ba. Ya san muddin ana yarda da maganar Indo, ƙaryarsa ba za ta kwana ba, sai ya bi ta mataki uku. Da farko ya faɗa wa samarin majalisa cewa ya ga Indo a garka da wandon maza tana faɗa da wanda ba a gani, tana ihu da yaren da ba na mutane ba. Sa'an nan ya kai maganar kunnen gwaggon saurayin da ke neman Yaya, wanda ita ma take so. Daga ƙarshe ya ɗebo dattawa uku ya kai su gindin tsamiyarmu, ya nuna musu duma a rataye da zane goma sha ɗaya a jikin itace, ya ce ga inda take yi wa iskoki hidima. Zanen nan nawa ne. Ni na yi su, a jere, tsakaninsu taƙi-taƙi, ba wanda ya karkace. Kyawun jerin nasu ne ma ya sa aka yarda ba wasan yara ba ne. Tsohuwar nan ta faɗi gaskiya a bakin rijiya, ta ce ita ba ta ga jaki ya taɓa kowa ba, ta ga ɗiya ta kare zanenta. Aka ce ai ga irin masu yabonta nan, aka ƙara tabbata.

Da safe muna jan ruwa Yaya ta ce mini, "Kada ki ce komai. In na ce ni na cire masa haƙori, za su ce ga haukan nan, mace ba ta iya haka sai da iska. In ke kika faɗa, mu biyu za a haɗa." Da Baba ya tsayar da ni ya ce, "Ke kullum kina tare da ita, wa ya yi zanen nan a itace?" na ce ban sani ba. Kalma uku. Na fi shekara arba'in ina jin su a bakina.

Aka yi mata hayaƙi kwana bakwai, aka ba ta rubutu. Baba ya ƙone wandon ya sare reshen, yana yi yana kawar da fuska. Mata suka daina sayen kifinmu. Mutanen saurayin ba su ce sun fasa ba, sun dai daina zuwa. Yara suka riƙa gudu idan sun hango ta. Muryar nan da ake ji daga waje ta mutu a cikin wata guda, Inna ta samu dokarta ta farko, ta kuma yi kuka a kanta. Daga ƙarshe aka ce ta je wurin gwaggonmu a wani ƙauye bayan Ɗan Issa, cikin Najeriya, har magana ta kwanta. Ranar tafiya na raka ta bakin hanya. Kafin ta hau mota ta ce, "Haƙorin yana wurinki?" Na ce yana wurina. Ta ce, "Ajiye." A can ta yi aure, mijin mutumin kirki ne, amma ba ta sake taka Madarumfa ba, ta ce ba za ta bi hanyar da yara ke gudunta ba. A shekara ta shida ta rasu wurin haihuwa.

Za a tambaye ni yadda aka yi na auri wan Alhaji. Mijina yana ci-rani lokacin da abin ya faru, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Sau guda na faɗa masa, bayan haihuwar fari. Ya ce, "Na san ƙanena. Amma ki bar shi, don zumunci." Na bar shi. Na zuba wa Alhaji tuwo, na wanke wa 'ya'yansa kai, na yi masa barka da ya dawo daga Makka. Abin da kawai ban bari ba shi ne lissafi. A sunan ɗansa na biyu na ji yana ba baƙi labarin giɓin, ya ce jakin fari ne. A wani biki ya ce baƙi ne ƙirin. Shekarar da ya dawo aikin hajji jakin ya zama ja, kuma har ya fara cizo.

To, wannan ita ce hanyar da ta kai ni ɗaki ranar Juma'ar nan. Na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗaga zannuwa, na ɗauko ɗan gwangwanin man zafi. Na dawo na zauna inda na tashi. Na buɗe shi, na juye abin da ke ciki a kan takardar lakwal.

Na ce, "Alhaji, ga ajiyarka."

Ya leƙa ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

"Haƙorinka ne. Na sama, na hagu."

"A'uzubillahi! Matar yaya, tsufa ya fara taɓa ki ne?"

"Ka girme ni da shekara takwas, in taɓawa ce kai zai fara. Zauna, yau ni ce mai fassara."

Na ba da labarin kamar yadda na rubuta shi a nan, ban tsallake ko zanen da na yi ba, ko kalma ukun da na faɗa wa Baba. Sau biyu ya so ya katse ni, na ce masa nan kaset bai lalace ba. Da na gama agogo ya nuna biyar da minti goma. Ɗana kansa a ƙasa. Maisuna ta ƙura wa haƙorin ido kamar za ta haɗiye shi.

Alhaji ya ce, "Ƙarya ne. Haƙorin akuya ta samo."

Na ce, "To ɗauka ka gwada a giɓin. In bai shiga ba, ni da kaina zan yaga takardar."

Surukata ta ja hijabinta ta rufe baki, kafaɗarta na rawa. Alhaji ya dubi ɗana yana jira ya tsawata mini. Ɗana bai ɗago ba. Sai Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ku yi abin da kuka ga dama, gidan ya zama na mata." Ya fita da takalmi a hannu.

Ɗana ya ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Na ce, "Sa hannu tukuna."

Na ɗauke haƙorin, ya sa hannu. Ranar Laraba ƙarfe bakwai na safe Maisuna ta hau mota da jakarta. Ɗamararta shuɗiya ce, ta ce mini ja ce ke gaba in ta ci jarrabawa. A Yamai ta ci karon farko, aka cinye ta a na biyu, ta dawo da kumburin idon sawu tana dariya har maƙwabta suna ji. Ban hana ta ba.

Da a ce nan aka tsaya, da ban nemi takarda ba. Amma tun ranar Asabar Alhaji ya fara faɗa wa dattawan majalisarsu cewa matar wansa ta ruɗe, tana tara haƙoran mutane a gwangwani, Allah kaɗai ya san me take yi da su. Ranar Litinin maganar ta kai kunnen maƙwabciyata, ta hana jikokinta shigowa gidana. Mataki na ɗaya ke nan, da na biyu. Na san na ukun, na taɓa ganinsa. Sai dai wancan karon yarinya ce mai tsoro aka tambaya, wannan karon tsohuwa ce da ta yi aji huɗu a lakwal, ta ƙara da yaƙi da jahilci, kuma ba ta da sauran abin da za a fasa mata.

An ce mini in yafe, mun tsufa, kabari ya matso. Na ji, ban musa falalar yafiya ba. Amma haƙƙin na Indo ne, ba nawa ba, ita kuwa ba ta nan balle a roƙe ta. Abin da ta bar mini shi ne kalma guda, kuma na ajiye. Ba na so a taɓa shi, ba na so a zage shi. So nake ya ɗanɗana kwatankwacin wata guda na abin da ta sha, mutane suna dubansa sun san abin da suka sani.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai da ka karanta wannan. Idan hanya ta kawo ka Madarumfa, ka tarar da dattijo mai giɓi a sama ta hagu da haƙorin Makka a gefensa, ka gaishe shi yadda ya kamata a gaida babba. Ka tambayi gida, ka tambayi gona. Sa'an nan, a gaban duk wanda ke zaune, ka tambaye shi launin jakin. Duk launin da ya faɗa, ka bar shi ya gama, kada ka katse shi. In ya yi shiru, ka ce masa jakin mai launin toka ne, yana can yana cin ciyawarsa, kuma wadda ta yi aikin sunanta Indo, lafiyarta ƙalau.